El-Buhari: Yadda Sunan Mutum Ya Zama Sunan Yunwa



A darasin Ingilishi na bara malaminmu ya kawo mana wani karin magana na mutanen Ingila. Idan mutum ya daɗe yana cin nasara, sai rana ɗaya ya haɗu da abin da ya kayar da shi har bai sake tashi ba, sukan ce ya gamu da Waterloo ɗinsa. Waterloo wani gari ne a ƙasar Beljiyam, kusa da shi ne sojojin Ingila da ƙawayensu suka karya Napoleon na Faransa ranar 18 ga Yuni 1815. Yau Baturen da bai san ko ina garin yake ba yana amfani da sunan. Muka kwafe a littafi, muka haddace saboda jarabawa. Ni dai da na koma ɗaki sai na tuna da kakata a ƙauyenmu da ke ƙasar Buza, domin ita ma tana da irin wannan kalma, kuma ba a taɓa rubuta mana ita a allo ba.

Kakata ba ta ƙidaya shekaru da lamba. In ka tambaye ta yaushe aka yi wa gwaggo aure, sai ta ce, "Ai damana biyu bayan El-Buhari munka kai ta ɗaki." In kuma an dawo daga kasuwa aka ce tiyar hatsi ta ƙara kuɗi, sai ta riƙe baki ta ce, "Allah shi tsare mu da wata El-Buhari." Ina yaro na ɗauka wata cuta ce kamar ƙyanda. Da na fara makarantar allo kuma sai na rikice, don na ji malamai suna karanta wani littafin hadisi mai suna Buhari, na rasa abin da ya haɗa littafi mai daraja da tsadar hatsi. Sai da na girma na gane cewa sunan yunwar 1984 zuwa 1985 ne, kuma Buharin da ake nufi shi ne Janar Muhammadu Buhari, shugaban mulkin soja na Najeriya a wancan lokaci.

To me ya sa mutanen Nijar suka ɗauki sunan shugaban wata ƙasa suka liƙa wa yunwarsu? Fari daga Allah yake, kuma mai mulkinmu a lokacin Seyni Kunce ne. Amsar tana cikin kalmar kanta, in mun buɗe ta a hankali.

Wannan "El" ɗin

Mutane da yawa, har da masu ilimi, suna ɗaukar "El" a matsayin "al" na Larabci, irin na Alhaji da Alƙali. A ganina kuskure ne, kuma rubutun Faransanci ne ya jawo shi. A Hausar Kano ana cewa ƴar kasuwa, ƴar sarki. A bakin mutane da yawa na Katsina da Maraɗi da Gobir wannan "r" ta ƙarshe tana komawa "l", sai ka ji ƴal kasuwa, ƴal sarki. In aka faɗe ta da sauri, kunnen da ya saba da Faransanci sai ya ji "el", hannu kuma ya rubuta abin da kunne ya ji.

Ga shaida daga gona. Akwai wani irin gyaɗa da manoman Najeriya suke kira Ƴar Dakar. Irin nan ɗaya, in ka duba takardun ma'aikatan gona na Nijar, za ka ga an rubuta shi El Dakar. Babu wanda zai ce gyaɗa ta koyi Larabci da ta tsallako iyaka. Ƴal Dakar ce, wato wadda ta fito daga Dakar. Haka El-Buhari take: Ƴal Buhari, ɗiyar Buhari.

Me ya sa ɗiya ba ɗa ba? Saboda a nahawun Hausa yunwa mace ce, shekara ma mace ce. Muna cewa yunwa ta kama shi, shekara ta yi kyau. Shi ya sa kakata take cewa "wata El-Buhari", ba ta taɓa cewa "wani". Kuma ku lura da nauyin da "ɗan" da "ƴar" suke ɗauka a harshenmu. Suna nuna asali, kamar ɗan Madawa. Suna nuna sana'a, kamar ɗan kasuwa. Suna nuna haihuwa kai tsaye, kamar ƴar wane. Da aka ce Ƴal Buhari, an ba yunwar uba, an ce ga wanda ya haife ta. Hukunci ne cikakke aka yanke cikin kalma biyu, ba tare da alƙali ko takarda ba.

Sunayen da suka riga ta

Sa wa yunwa suna tsohuwar al'ada ce a ƙasashenmu. Masanin tarihi na jami'ar Yamai, Boureima Alpha Gado, ya tattara da yawa daga cikinsu a littafinsa na 1993 a kan tarihin yunwa a Sahel. Wani Bature kuma, Michael Watts, ya yi irin wannan aiki a kan arewacin Najeriya a littafin da ya fitar a 1983. In ka jera sunayen sai ka ga ba da ka aka raɗa su ba.

Babbar yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta share Sahel daga yamma zuwa gabas, Hausawa sun kira ta Kakalaba. Zabarmawa sun kira ta Gande Beeri, wato babban ƙirji, mai faɗin da ya rungume kowa. Ta 1931 zuwa 1932 a yammacin Nijar sun ce mata Doa Jiire, shekarar fara, saboda farar da ta cinye gonaki. Ta tsakiyar shekarun 1960 sun ce mata Banda Bari, juya baya, domin mutum yakan juya wa ɗan uwansa baya ya ci ɗan abin da ya samu. Waɗannan sunaye suna faɗin girman masifar, ko abin da ya kawo ta, ko abin da ta mayar da mutane.

Akwai kuma wani rukuni da ya fi jan hankalina. A ƙasar Hausa yunwar 1927 ana ce mata Ƴar Buhu, saboda hatsin da aka riƙa kawowa cikin buhuna daga wasu wurare. Ta farkon shekarun 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, ana ce mata Ƴar Gusau, saboda can mutane suka riƙa dosa neman abinci. Ta 1953 zuwa 1954 Zabarmawa suna ce mata shekarar gari, saboda garin rogon da ya riƙa shigowa daga kudu shi ya riƙe rayuka. Kun ga ginin iri ɗaya ne da na El-Buhari. Amma duk waɗannan ukun suna nuna inda mafita ta fito: buhu, Gusau, garin rogo, dukkansu daga kudu. Sunan 1984 ne kaɗai ya nuna mutumin da ya rufe ƙofar da aka saba bi.

Ƙofar kudu

Duk wanda ya tashi a Adar ya san ƙasarmu. Duwatsu ne da fako, sai kwaruruka irin na Majiya da Tarka inda ƙasa take da albarka. Ko a shekara mai kyau, hatsin gidaje da yawa ba ya kaiwa wata damana. Saboda haka tun kaka da kakanni ci-rani yana cikin lissafin gida. Da an gama girbi samari su kama hanya, wasu Sakkwato da Kano da Legas, wasu har Abijan. A koro dabbobi a sayar a kasuwannin Najeriya, a kai albasa da wake, a dawo da dawa da masara da man fetur da atamfa. Mutumin Madawa ya bi ta Bangi ya faɗa Sabon Birni, na yamma ya bi ta Ƙonni ya shiga Illela.

Ita kanta iyakar ba ta daɗe ba. Ingila da Faransa ne suka yi ta jan layi a takarda a 1890, 1898, 1904 da 1906, sannan jami'ansu suka bi ƙasa suna kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Layin ya ratsa Gobir, ya ratsa Katsina, ya bar wa a gefe ɗaya ƙane a ɗaya gefen. Mutane suka ci gaba da harkarsu kamar babu shi, musamman idan damana ta ƙi. Ko a babban farin 1973 zuwa 1974, wanda ya taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, dubban mutanenmu kudu suka nufa, kuma sun samu shiga, domin Najeriya tana cikin kuɗin man fetur a lokacin.

Abin da ya faru a 1984

Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Shehu Shagari, Buhari ya hau, Tunde Idiagbon yana mataimakinsa. Sun tarar da tattalin arziki ya lalace, farashin mai ya faɗi, bashi ya yi yawa, fasa-ƙwauri ya zama ruwan dare. A ƙarshen Afrilu 1984 suka canza launin takardun naira, suka ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba na musanya tsofaffi da sababbi, suka rufe iyakokin ƙasa don kada nairar da aka fitar waje ta dawo. Barayin gwamnati da manyan ƴan fasa-ƙwauri aka ce ana hari.

Amma wa yake riƙe da naira a wannan gefen? Ɗan ci-ranin da ya dawo da ɗan abin da ya tara, da mai dabbobin da ya sayar da sa a Illela, da tsohuwar da ɗanta ya aiko mata ta ƙulle a bakin zane. Wanda bai samu hanyar musanya ba, kuɗinsa ya koma takarda. Kuma wa'adin canjin ya wuce, iyaka ba ta buɗe ba.

Sai damanar 1984 ta zo ta ƙi. An yi shuka ta bushe, an sake ta bushe. Makiyaya daga arewa suka gangaro da dabbobin da suka rage, babu ciyawa, kasuwar da za a sayar da su da daraja kuma tana bayan iyaka. Dabba ta faɗi warwas, hatsi ya hau. Farin ya kai inda a watan Yuni 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Gwamnatin Kunce kuma kuɗin yuraniyom da ta dogara da su sun ja baya tun farkon shekarun 1980.

Kamar wannan bai isa ba, a Afrilu 1985 gwamnatin Najeriya ta ba baƙin da ba su da takardu, kimanin mutum 700,000, wa'adi zuwa 10 ga Mayu su bar ƙasar. Ƴan Ghana ne suka fi yawa, amma ƴan Nijar ma suna da yawa a ciki. Aka buɗe iyaka na ɗan lokaci don su fita. Ku duba lokacin: watan Mayu, tsakiyar bazara, rumbu babu ko zangarniya. Saurayin da ake jira ya aiko da kuɗi sai ga shi da kansa, hannu wofi, ya ƙara baki a kan ƙwaryar da ba ta isa ba.

Na tambayi kakata abin da suka ci. Ta ce anza. A tsinko ƴaƴanta, a jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan har ɗacin ya ragu, sannan a dafa. Ta ce sun tona gidan tururuwa don ƙwayar da ta tara, sun sussuka ƙarangiya, sun ci jar dawar taimako da ake rabawa. Da na tambaye ta ko ta taɓa ganin hoton Buhari a lokacin, sai ta yi dariya ta ce, "Ina zan gane shi? Mu dai mun ji an ce shi ya rihe hanya." Iyakar ba ta buɗe sosai ba sai a Maris 1986, bayan Ibrahim Babangida ya kifar da Buhari ranar 27 ga Agusta 1985.

An yi masa adalci?

Wani abokina ɗan Katsina da muke karatu tare ya ce wannan suna zalunci ne. Buhari bai hana ruwa sauka ba. Arewacin Najeriya ma ta sha farin. Shugaba kuma ƙasarsa aka ba shi ya tsare. Ya ƙara da cewa ai Shagari ma ya kori baƙi a 1983, har jakar nan mai layi-layi ta samu sunan Ghana Must Go, amma babu wanda ya sa wa yunwa sunan Shagari. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma gaskiya ne sunan ya sauke wa namu shugabanni wani kaso na nauyin da ya kamata su ɗauka.

Sai dai ina ganin tsofaffinmu sun fahimci wani abu da masana suka rubuta littattafai a kansa. Masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya nuna a littafinsa na 1981 cewa ana iya mutuwa da yunwa alhali abinci yana nan a kasuwa, idan hanyar da talaka yake bi ya same shi ta toshe: aikinsa, ko dabbarsa, ko kuɗinsa. Mutumin Adar ya san fari tun fil azal, yana da dabarunsa, kuma babbar dabarar ita ce kudu. Harshenmu ma ya raba kalmomin biyu, fari daban yunwa daban. Ba a ce farin Buhari ba. Yunwar aka ba shi.

Kuma ba mu kaɗai muke yin haka ba. A Amurka, bayan karyewar tattalin arziki ta 1929, waɗanda suka rasa gidaje suka kafa bukkokin kwali da kwano a gefen birane, aka riƙa kiran irin waɗannan unguwanni Hooverville, wato garin Hoover, da sunan shugaban ƙasar na lokacin, Herbert Hoover. Shi ma ba shi kaɗai ya kawo masifar ba. Talakan da ba shi da jarida ko kujera a majalisa, abin da ya rage masa shi ne raɗa suna, kuma sunan yakan daɗe fiye da mulkin.

Abin da ya biyo baya

A wannan shekara ta 1984 ne aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da hannun hukumar FAO, da abincin da hukumar abinci ta duniya take biyan ma'aikata da shi. Da yake maza da yawa ba sa gida, mata ne suka fi yawa a wurin. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin tuddai, suka dasa miliyoyin itatuwa. A kwarin Majiya kuma tun 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska. In ka bi hanyar Keita zuwa Tamaske yau ka ga itatuwa a kan fako, ka sani da yawansu sa'annin El-Buhari ne, kuma iyayenmu mata ne suka dasa su da yunwa a cikinsu.

Shi kuma mai sunan, tarihi bai gama da shi ba. Ya dawo ta hanyar zaɓe a 2015, kuma a ƙasar Nijar ma an yi murna, don mutumin Daura ne, Daura kuwa taku kaɗan ce daga iyakarmu. A can Najeriya aka samu wata kalma daga sunansa, Buhariyya, da ɗafin nan "iyya" na Tijjaniyya da Ƙadiriyya, ma'ana aƙida da mabiya. Suna ɗaya, harshe ɗaya, amma a kudancin layi ya haifi kalmar ƙauna, a arewacinsa ya haifi kalmar yunwa. A Agusta 2019 ya sake rufe iyaka har zuwa Disamba 2020, ƴan albasar Galmi da Madawa sun ji a jikinsu. Shi ne kuma ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, ƴan ƙasarsa suna ta yi masa gorin ya fi son Nijar. Ya rasu ranar 13 ga Yuli 2025 a Landan, aka binne shi a Daura. Allah ya jiƙan musulmi. Kakata ta yi masa addu'a da ta ji labari, kuma ba ta daina kiran yunwar da sunanta ba. A wurinta kalmar ta daɗe da rabuwa da mutumin, kamar yadda Waterloo ta rabu da garin.

Mu ma mun ɗanɗana namu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, ba a buɗe ba sai a Maris 2024. Duk wanda yake Yamai ko Tawa ko Ƙonni a lokacin ya san yadda kuɗin shinkafa da magani suka koma. Ku saurara da kyau a kasuwa da tasha da bakin rijiya, ku ji da wane suna mutane suke kiran waɗannan watanni, domin daga irin wannan hira ce kalmar da jikokinmu za su gada take fitowa.

Roƙona gare ku

Waɗanda suka ga 1984 da idonsu sun haura shekara arba'in yanzu. Waɗanda suka ji Kakalaba daga bakin wanda ya gan ta saura ƙalilan. Kuma kowane yanki yana da nasa sunaye, na Keita ba lalle su zama na Madawa ba, na Buzaye da Fulani kuma daban suke da na Hausawa. Bature Bernard Caron ya zo ya rubuta littafi guda a kan Hausar Adar a 1991, mu masu harshen muna zaune.

Hutu yana zuwa, kowa yana da waya a aljihu. Ka zauna da kakarka ko wani dattijo a unguwa, ka ce ya jero maka shekarun wahala da sunayensu, daga ta kusa zuwa ta nesa. Ka tambaye shi me ya sa aka kira kowace haka, me aka ci, ina aka tafi. Ka ɗauki muryarsa, ka rubuta kalmar yadda ya furta ta, in ya ce ƴal ka rubuta ƴal, kada ka gyara masa zuwa Hausar Kano. Ka rubuta sunan garin da ranar da kuka yi hirar. In mun dawo mu haɗa abin da muka samo, mu fitar da shi a ɗan littafinmu na gaba. Ni na riga na fara da kakata, ta ba ni sunaye huɗu, ta ce sauran sai na kawo mata goro.